Abin da Ke Mayar da Gidan Ibada Cibiyar Gari: Nazarin Haikalin Hindu na Kudancin Indiya daga Mahangar Adogi



Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Lafiya ta nufi Shendam, ya ratsa Adogi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ba zai yi nisa ba sai ya ga masallaci ko coci. Wuraren ibada ba su yi mana ƙaranci ba, masu cika su ma haka. Abin da ya yi wuya shi ne wurin ibadar da ke ɗauke da wani nauyi na gari bayan an idar da salla ko an tashi daga sujada, wanda ke biyan malamin makaranta haƙƙinsa a ƙarshen wata, ya gyara famfon burtsatse ran da ya lalace, ya ciyar da baƙon da dare ya yi wa, ba tare da an jira wani attajiri ko ɗan takara ya biyo ta garin ba. Hujjar wannan takarda guda ɗaya ce. Yawan jama'a da tsayin hasumiya da ƙarfin imani ba su isa su mayar da gidan ibada cibiyar gari ba. Sai ya kasance yana da dukiya tasa ta kansa wadda ba a cin uwarta, an ɗaure ta da ayyuka sanannu a wuyan mutane sanannu, lissafinta kuma yana fili inda kowa zai gani. Zan kafa wannan hujja da haikalin mabiya addinin Hindu na kudancin Indiya, domin a can ne aka bar shaidar irin wannan tsari sassaƙe a jikin dutse, dalla-dalla, tun shekara dubu da ta wuce.

Tambayar farko da za ta taso a zukatan wasu a wannan ɗaki ita ce, me ya haɗa Musulmi ko Kirista da gidan gumaka? Tambaya ce da ta cancanci amsa, amsar kuwa tana cikin tarihin ilimin Musulunci kansa. Abu Raihan al-Biruni, wanda ya yi zamani da Sarki Mahmud na Gazna, ya zauna ya koyi harshen Sanskirit, ya rubuta littafi a kan aƙidu da ilimomin mutanen Indiya wajen shekarar 1030, tauhidinsa kuma bai girgiza ba. Cikin abin da ya ruwaito akwai labarin birnin Multan: da Muhammad bin Ƙasim ya ci garin a farkon ƙarni na 8, ya bincika asalin arzikinsa, sai ya tarar gidan gunkin rana ne ke jawo masu ziyara da dukiyarsu daga ko'ina, saboda haka bai rushe shi ba. Tun wancan lokaci ke nan malamai da masu mulki suka gane cewa binciken yadda wani gida ke tara dukiya da rarraba ta bai zama amincewa da abin da ake bauta wa a cikinsa ba. Mu Hausawa kuma ba baƙin wannan gini ba ne a ido. Tun shekarun 1950 da Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na arewa, muka saba da ƙararrawarsa da furanninsa da fitilunsa, har masanin nan Brian Larkin ya yi nazari mai tsawo a kan yadda waɗannan finafinai suka shiga jinin mutanen Kano. Sai dai fim yana kai mu haikali ne don a ɗaura aure ko jaruma ta je kai kukanta. Ba ya leƙa mana rumbunsa da ma'ajinsa da magatakardansa, su ne kuwa abin da ya dame mu a nan.

A shekarar 1010 Sarki Rajaraja na Ɗaya, na daular Chola, ya kammala babban haikalin Shiva a birninsa na Thanjavur, a jihar Tamil Nadu ta yau. Hasumiyarsa ta kai kimanin mita 60, an gina ta da dutsen da sai an ɗauko shi daga nesa, domin ƙasar fadama ce ta kogin Kaveri. Masu yawon buɗe ido tsayin suke kallo, amma masu tarihi ƙasan bangon suke durƙusawa su karanta. Sarkin ya ba da umarni a sassaƙa duk abin da shi da yayarsa Kundavai da matansa da sauran masu kyauta suka bayar a jikin ginin, aka kuwa yi haka, har nauyin kowane kwanon zinariya da adadin duwatsu masu daraja da ke jikin kowane abin ado. Rubutun bai tsaya a kan kyauta ba. Ya lissafa mata 400 masu rawa da waƙa, kowace da sunanta da garin da aka ɗauko ta da gidan da aka ba ta a kan titi kaza, da rabonta na shinkafa shanshera a shekara. Ya lissafa maza fiye da 200, akwai makaɗa da mabusa da malaman rawa, akwai teloli da maƙeran zinariya da maginan tukwane da wanzamai da masu wanki da masu gadi da akantoci, akwai kuma mutum 48 da aikinsu rera waƙoƙin yabo na harshen Tamil. An ware ƙauyuka a faɗin daular, har da wasu a tsibirin Siri Lanka, aka ɗora wa kowane abin da zai kawo na hatsi ko kuɗi duk shekara. Wanda ya karanta wannan jeri zai ga cewa da wuya a sami sana'a a birnin wadda ba ta da wani nata da ke cin abinci daga haikalin, kuma wannan shi ne ma'anar zama cibiya a aikace: mutane da yawa suna da haƙƙi a wurin, wurin kuma yana da haƙƙi a kansu.

Misalin da ya fi fito da dabarar a fili shi ne na fitila. Idan wani ya so a riƙa kunna fitila guda a haikalin da sunansa har abada, ba a karɓar kuɗinsa a sayi mai a ƙone. Ana ba wani makiyayi tumaki 96, ko shanu 48, ko ɓaunar gida 16, a rubuta sunansa da na danginsa da za su tsaya masa, shi kuma ya ɗauki alkawarin kawo awo guda na man nono kowace rana. Garken yana hannunsa, abin da ya ƙaru a kai na nono da 'ya'ya nasa ne, amma adadin asali ba ya raguwa, shi ya sa rubuce-rubucen zamanin ke kiran irin waɗannan dabbobi da waɗanda ba sa mutuwa ba sa tsufa. Duk wanda ya san yadda ake ba wa mace akuya kiwo a ƙauyukanmu, ta riƙe, a raba 'ya'ya, uwar kuma ta zauna ta mai ita, ya riga ya fahimci tushen abin. Da kyauta guda aka samu abu uku: fitila ba ta mutu ba, makiyayi ya samu jari, dukiyar da aka tara a birni kuma ta koma karkara. Masanin tarihi George Spencer ya nuna cewa haka ma aka yi da tsabar kuɗi, ana ba majalisun ƙauyuka rance, su riƙa biyan kashi 12 da rabi cikin ɗari a shekara. Wannan ɓangare riba ce tsagwaronta, shari'armu ba ta yarda da ita ba, kuma ba na kawo ta don a kwaikwaya. Amma a haikalin Tirupati, a zamanin daular Vijayanagara cikin ƙarni na 15 da na 16, masanin tarihi Burton Stein ya tarar da wata hanya dabam. Kuɗin da aka ba haikalin ana zuba shi ne a haƙa tafkuna da magudanan ruwa a gonakin ƙauyukansa, ƙarin amfanin da ban ruwa ya kawo shi ake dafawa a miƙa, sannan a raba wa ma'aikata da masu ziyara, mai kyautar ma ya samu kasonsa. Wannan kam noma ne, babu abin da zai hana manomin shinkafa na Nasarawa ya gane shi.

Dukiya kaɗai ba ta isa ba, don kuwa tara ta ya fi tsare ta sauƙi. A nan ne rubutun bango ya yi aikin da ba a cika lura da shi ba. Abin da aka sassaƙa a dutse, a wurin da jama'a ke kewayawa kullum, ma'aji ba zai iya ɓatar da shi ba, magajin mai kyauta ba zai iya musun sa ba, makiyayi ma ba zai ce tumaki 60 aka ba kakansa ba. A garin Uttaramerur akwai rubutu biyu na shekarun 919 da 921, zamanin Sarki Parantaka na Ɗaya, a jikin ginin ibadar da majalisar gari ke zama a ciki. Sun bayyana yadda ake zaɓen 'yan kwamitin tafki da na lambuna da na harkokin shekara. Garin unguwa 30 ne, kowace unguwa ta rubuta sunayen waɗanda suka cancanta a kan ganyen giginya, a zuba a tukunya a gaban jama'a, a kira yaro ƙarami wanda bai san komai ba ya sa hannu ya zaro. Sharaɗin da ya fi jan hankalina shi ne cewa wanda ya taɓa riƙe kwamiti bai gabatar da lissafi ba, ba za a ƙara sa sunansa a tukunya ba, shi da danginsa na kusa. A Tirumukkudal kuwa, wani rubutu na ƙarshen shekarun 1060 ya nuna haikali yana riƙe da makaranta da ɗakin kwanan ɗalibai da asibiti mai gado 15, da likita da mai fiɗa da masu jinya da masu ɗebo ganyen magani, kowa da albashinsa a rubuce, har sunayen magungunan da za a ajiye.

Daga wannan tushe ne al'adar ta tsiro, ba daga sama ta faɗo ba. Kiɗa da rawa da sassaƙa da zuba tagulla na ƙasar Tamil sun rayu ƙarni bayan ƙarni saboda akwai inda ake biyan masu yin su ko sarki yana raye ko ya mutu. Daular Chola ta shuɗe a ƙarni na 13, haikalin Thanjavur bai daina aiki ba. A Madurai titunan tsohon birni sun kewaye haikalin Meenakshi zobe bayan zobe, suna ɗauke da sunayen watannin Tamil da ake zagaya su da bukukuwa, babban bikin watan Chithirai kuma, wanda ke faɗowa tsakanin Afrilu da Mayu, har yau yana haɗa mutanen birni da na ƙauye. Masana biyu, Arjun Appadurai da Carol Breckenridge, sun nuna cewa abin da ake rabawa a irin wannan biki ya wuce abinci: wa za a fara miƙa wa ruwa mai tsarki, wa za a naɗa wa ƙyalle a ka, wace ƙungiya ce ke da ranar ɗaukar nauyi, duk matsayin mutum a gari a nan ake tabbatar da shi. Hukumar da ke kula da Tirupati, wadda aka kafa a farkon shekarun 1930, tana tafiyar da makarantu da asibitoci, tun 1985 kuma take ciyar da dubun-dubatar masu ziyara kyauta kowace rana. Ko a nahiyarmu an ga yadda tsarin ke bin mutanensa. Leburorin rake da Turawan Ingila suka fara kaiwa Durban a 1860 sun gina wuraren ibadarsu da taro da sisi, suka zama musu makarantar harshe da zauren biki. A unguwar Odorkor ta birnin Accra kuwa akwai gidan ibadar Hindu da aka kafa a 1975 ƙarƙashin wani ɗan Gana, Swami Ghanananda.

Yanzu ga suka mai nauyi, wadda ba zan sassauta ta ba. Cibiyar da ta iya tara mutane ta iya kuma tantance wanda ba za a tara da shi ba, haikalin Indiya kuwa ya yi wannan da tsanani. Wani ɓangare na zinariyar da Rajaraja ya bayar ganimar yaƙi ce, rubutun da kansa ya faɗa. Majalisar Uttaramerur da ake yabo ta 'yan ajin Brahmin ce masu gona da gida, leburan da ke yashe tafkin ba shi da suna a tukunya. Rubuce-rubucen Thanjavur sun ambaci unguwannin waɗanda ake ƙyamar taɓa su, mutanen da guminsu ke cika rumbun haikalin amma ƙafarsu ba ta taka farfajiyarsa. A Vaikom, cikin 1924 da 1925, gwagwarmayar da aka yi ba ta ma kai ga neman shiga ciki ba, neman izinin bin hanyoyin da suka kewaye ginin ake yi. Sai ranar 12 ga Nuwamba 1936 Sarkin Travancore ya buɗe wuraren ibadar masarautarsa ga kowane ɗan Hindu, a 1939 aka shiga da 'yan Dalit, wato waɗanda ake ƙyamar taɓa su, haikalin Madurai, tsarin mulkin Indiya na 1950 kuma ya haramta ƙyamar baki ɗaya. Dakta Ambedkar, wanda ya jagoranci irin wannan fafutuka a Nashik daga 1930, daga baya ya yanke ƙauna, ya koma addinin Buddha a 1956 tare da ɗimbin mabiyansa. Al'adar sadaukar da 'yan mata ga haikali ma, wadda matan nan 400 ke cikinta, ta lalace har ta zama hanyar cin zarafi, aka hana ta da doka a Madras a 1947. Musulmi kuma ba zai manta da Ayodhya ba, inda aka rushe masallacin Babri ranar 6 ga Disamba 1992, rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka kusan 2,000, aka buɗe sabon haikali a filin a Janairun 2024. Duk wannan gaskiya ne, amma bai karya hujjar takardar nan ba, ƙarfafa ta ya yi. Ba wanda ke shan duka da ɗauri don a bar shi ya shiga ginin da ba ya riƙe da komai. An yi wannan fama ne saboda wanda aka hana haikali an hana shi hanya da makaranta da mutunci a gari. Abin da sukar ta ƙara mana shi ne sharaɗi na huɗu, wato ƙofa, kuma ko a Indiya akwai inda aka buɗe ta: a Dharmasthala ta jihar Karnataka, iyalin Heggade mabiya addinin Jain ne ke riƙe da haikalin Shiva tun ƙarnoni, ana kuma ciyar da duk wanda ya zo ba a tambayi asalinsa ba.

Suka ta biyu daga gida take, tana cewa me ya kai mu Indiya alhali muna da waƙafi? Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, makaranta ne, masaukin Ahlus Suffa ne, wurin karɓar baƙin wakilai ne. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibar, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Da waƙafi Ƙarawiyyin ta Fas da Azhar ta Alƙahira suka rayu, masallacin Sulaimaniyya na Santambul kuma, wanda aka gama a 1557, an gina shi ne tare da makarantu da asibiti da gidan ciyarwa. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, hukuncin da za mu yi aiki da shi daga nan zai fito. Amma akwai tambayar da sukar ta tsallake: in haka ne, me ya sa wannan tsari bai yi jijiya a ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba kamar yadda ya yi a Masar? Amfanin duba gidan wani shi ne mutum ya ga abin da saba ya hana shi gani a nasa. A wajenmu nauyin da haikali ya ɗauka shi kaɗai an raba shi gida uku. Mulki da rabon arziki suna fada, ciniki yana kasuwa, ilimi yana zauren malam. Haka Muhammadu Rumfa ya tsara Kano a ƙarni na 15, ga gidan sarki, ga masallaci a gefensa, ga kasuwar Kurmi. Masallacin Juma'a jingine yake da fada, makarantar allo kuma jingine take da malaminta, da gonarsa da sadakar maƙwabta da kuɗin Laraba. Tsari ne da ya fitar da manyan malamai, ba a raina shi, sai dai rayuwarsa a ɗaure take da rayuwar mutum. Ran da malam ya rasu, in ba a dace da magaji ba, almajirai su watse, littattafai su shiga rabon gado. A ganina akwai kuma dalili na ƙasa: inda gona ke hannun sarki da dangi a matsayin amana, ba mallakin da mutum zai fitar ya tsayar har abada ba, waƙafin ƙasa ba ya samun wurin tsayawa, dokar Turawa ta 1910 da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma sun ƙara nesanta mutum da cikakkiyar mallaka.

Masallacin Juma'a na Zariya ya isa misali. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, da bakunan ƙasa waɗanda masana gine-gine na duniya ke zuwa kallo, har da ɗakin shari'a a harabarsa. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe nasa ya rufta a kan masu sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Bayan haka aka kafa gidauniya, masu hali suka yi alkawura. Ba ina ɗora wa kowa laifi ba ne, gini mai shekara kusan 190 yana iya gajiya ko a hannun wa yake. Abin lura shi ne yadda muka saba: hannunmu a sake yake ran da za a gina da ran da aka yi asara, amma kuɗin da zai riƙa shigowa a shekarun da ke tsakani, wanda za a biya magini ya duba rufi kafin kowace damina, shi ne ba mu cika tanada ba. In haka ta faru da masallacin babbar masarauta, ina ga na ƙauye? Kowa a nan ya san yadda ake yi. Liman ya sallame, wani ya miƙe ya ce jama'a a ɗan dakata, man janareto ya ƙare, ko tabarmi sun mutu, ko amsa-kuwwa ta lalace, a zagaya da akwati tsakanin sahu, a ce Allah ya ba da ikon taimakawa. Abin da aka tara a kashe shi kafin wata Juma'ar. Yawaitar masallatan Juma'a tun daga ƙarshen shekarun 1970 kuma, ko mene ne alherinta, ta raba wannan ɗan abin da ake tarawa gida-gida.

Adogi gari ne na manoma, a yankin da ake noman doya da shinkafa da riɗi da rogo, kuma irin wannan wuri ya fi birni dacewa da tsarin da nake magana a kai, domin dukiyarsa mai haihuwa ce. Matsalar mallakar ƙasa da na ambata tana da mafita a cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Mazhabar Malikiyya, kamar yadda ta zo a Mukhtasar na Shehu Khalil, ta halatta hubusin dabbobi, wato waƙafinsu, ta halatta hubusin amfanin abin da mutum ya yi haya, ba ta kuma sharɗanta sai ya zama na har abada ba. Ke nan manomin da ba zai iya rabuwa da gonar gado ba yana iya tsayar da amfanin wani yanki nata na shekara goma, mai shanu ya tsayar da saniya biyu a hannun makiyayi, mai shago a bakin kasuwa ya tsayar da kuɗin hayarsa. Dokar 1978 ɗin ma ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar riƙon ƙasa ta gargajiya a karkara, dokar kamfanoni kuma ta ba da damar yi wa amintattu rajista su riƙe kadara da sunan jama'a, ba da sunan mutum ɗaya ba. Jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato sun kafa hukumomin zakka da waƙafi bayan shekarar 1999. Ba sai an je da nisa ba ma: a cikin jihar nan ta Nasarawa, cocin ERCC mai hedikwata a Alushi ta daɗe tana riƙe da asibiti da makarantu da sunan ikilisiya, abin da ke nuna cewa ƙasar Nasarawa ba ta ƙi irin wannan shuka ba.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, dukiya tana jawo rigima, masallacin da ba shi da komai ba a kai shi kotu. Indiya ta ga wannan. Littafin Appadurai na 1981 a kan wani haikali a Madras cike yake da shari'o'in da aka yi ta yi a kan wa ke da ikon gudanarwa. Zargin almundahana ne ya ba gwamnati ƙofar shiga tun shekarun 1920, yau kuma a ƙarƙashin dokar 1959 wata ma'aikatar gwamnatin Tamil Nadu ce ke kula da dubban wuraren ibada, abin da mabiya da yawa ke kuka da shi. Da aka buɗe taskokin haikalin Padmanabhaswamy a Kerala a 2011 bisa umarnin kotu, an tarar da zinariya da duwatsu masu daraja jibge a ƙarƙashin ƙasa, an kwashe shekaru ana shari'a a kan wa zai riƙe makulli, sai 2020 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci. Amma a duba bambancin wannan taska da tumakin Thanjavur. Ɗaya dukiya ce a kulle cikin duhu, ba ta ciyar da kowa, ba wanda ya san adadinta. Ɗayar tana yawo a hannun makiyaya, kowa ya san adadinta, kowace safiya kuma ana ganin ko an kawo mai ko ba a kawo ba. Maganin rigima ke nan gwargwadon abin da ɗan Adam zai iya: a bar dukiyar a cikin aiki, a ɗaure kowane kaso da hidima guda da ido zai iya gani, a liƙa lissafi a bango a karanta shi ranar Idi, a sa wa'adi ga 'yan kwamiti, wanda bai kawo lissafi ba kada ya dawo. Rashin dukiya ma bai hana rigima ba, ya dai mayar da masallaci hannun duk wanda ya sayi janareto, daga nan kuma limami ya fara auna kalmominsa.

Sauran batun ƙofa, kuma a gari irin Adogi shi ne mafi nauyi. Sahun salla bai san ɗan sarki da ɗan talaka ba, wannan falala ce da haikalin Indiya ya yi ƙarnoni bai samu ba. Amma ƙasar Lafiya ƙasa ce ta Barebari da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi da Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya, kuma mutanen yankin ba su manta da rikicin da ya faru a Alakyo da Asakiyo a 2013 ba. Layukan da za su iya raba mu ba a cikin sahu suke ba, suna bakin famfo da ƙofar aji da layin karɓar magani: ɗan ƙasa da baƙo, ɗan wannan ƙungiya da ɗan waccan, namiji da mace, mai salla da mai zuwa coci. Ibada ta masu ita ce, ba mai cewa a gauraya ta. Ruwa da magani da karatun boko kuwa fiƙihunmu bai hana a buɗe su ba, domin Khalil ɗin nan ya ambaci wanda ba Musulmi ba da ke zaune lafiya da Musulmi cikin waɗanda ya halatta a yi hubusi dominsu. Tunda sharaɗin mai waƙafi yana bin dukiyar bayan ransa, amintattu kuma ba su da ikon sauya shi yadda suka ga dama, jimlar da aka rubuta ranar farko a kan su wa za su amfana ita za ta yi hukunci a kan jikokin da ba a haifa ba. Saboda haka duk kwamitin masallaci ko na coci da zai tsayar da gona ko garke a Adogi, kafin ya auna fili ko ya ƙirga dabbobi, ya fara zama da dagaci da matan unguwa da maƙwabtan da ba addininsu ɗaya ba, a daddale wannan jimla a gabansu, a sa hannu, kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa.